Darasi na Bakwai: Noman Kuɓewa a Lambun Gida

Kuɓewa shuka ce mai son rana da zafi. Idan kuna da ɗan fili a bayan ɗaki inda rana ke samu tun hantsi har la'asar, to ya isa. A ƙarƙashin inuwa tsawo kawai za ta yi, 'ya'yan ba su taka kara sun karya ba. Ku guji kuma wurin da ruwa ke kwantawa, domin saiwarta na ruɓewa idan ƙasa ta jiƙe ta ƙi tsanewa.

Ku kafce ƙasar, ku gauraya ta da takin dabbobi wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro. Sai ku ja kunya, tsakanin wannan da waccan santimita 60 zuwa 90.

Irin kuɓewa yana da ɓawo mai tauri, shi ya sa wani lokaci yake jinkirin fitowa. Ku jiƙa shi a ruwa ya kwana, da safe ku shuka. Zurfin rami kada ya wuce santimita 2 zuwa 3, ƙwaya biyu ko uku a kowane rami, tazarar santimita 30 zuwa 45 tsakanin ramuka. A shuka ta a inda za ta zauna, don ba ta cika son dashe ba. Cikin kwana 5 zuwa 10 za ku ga tsiro. Idan ya yi ganye uku ko huɗu, ku bar mai ƙarfi guda ɗaya a kowane rami, ku cire sauran. Mutane da yawa suna jin tausayin cirewa, amma uku a rami ɗaya cinye juna suke yi.

Ban ruwa a gindi ake yi, da safe ko da yamma, a ba ta ta sha sosai. Lokacin da ta fi buƙatar ruwa shi ne sa'ad da take fure. Ciyawa kuma a cire ta tun tana ƙarama. Ku riƙa ɗaga ganye kuna duba ƙarƙashinsa, nan ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan shuka suke taruwa. Ruwa da ɗan sabulu kaɗan, a fesa da yamma, yana rage su.

Yanzu ga inda nake so ku fi mai da hankali, wato tsinka. Bayan mako 6 zuwa 8 da shuka, fure mai ruwan ɗorawa zai fito. Yini ɗaya yake yi a buɗe, ya faɗi, ɗan kuɓewa ya bayyana a gurbinsa. Daga nan kwana 4 zuwa 6 kacal ya isa tsinka, lokacin tsawonsa bai wuce santimita 7 zuwa 10 ba. Ku lanƙwasa tsininsa da yatsa: idan ya karye nan take, ɗanye ne. Idan ya lanƙwashe bai karye ba, ya fara tsufa, cikinsa ya yi zare.

Kada ku ce bari ya ƙara girma. Da zarar 'ya'ya sun ƙosa a jikin uwar, sai ta juyar da ƙarfinta wajen nunar da iri, ta rage fitar da sabon fure. Wanda ke tsinka duk bayan kwana biyu ko uku, shukarsa za ta yi ta ba shi makonni da yawa. Ko wanda ya tsufa ya wuce amfani, a yanke shi a cire. Ku yi amfani da wuƙa mai kaifi, kada ku fizga ku ji wa reshe rauni, ku kuma sa riga mai dogon hannu saboda gashin jikinta yana sa ƙaiƙayi.

Can ƙarshen lokaci, ku zaɓi shuka biyu mafi lafiya da yawan 'ya'ya, ku bar nasu su bushe a jiki har su fara tsagewa. Ku ɓare, ku shanya irin a inuwa, ku adana a busasshen mazubi mai murfi. Baɗi ku canza wa kuɓewar wuri, don cutar da ke cikin ƙasa kada ta same ta a inda ta bar ta.

Aiki: Ku rubuta ranar da kuka yi shuka a littafinku, ku ƙirga mako 6 gaba, ku rubuta ranar da za ku fara duba fure.