Yadda Malami Zai Yi Amfani da Emoji a Imel Ba Tare da Ya Zubar da Girmansa Ba

A cikin aji, ɗalibi yakan karanci fuskar malaminsa tun kafin ya karanci abin da ke kan allo, amma saƙon imel ba shi da fuska balle murya. Wannan giɓin ne emoji ke cikewa, kuma ya bunƙasa ne daga irin alamomi 176 da Shigetaka Kurita ya zana wa kamfanin NTT DoCoMo na Japan a 1999. Fuskar murmushi ɗaya tana iya ba ɗalibin da ke shakkar malaminsa ƙarfin halin yin tambaya, amma huɗu a jere sai su sa ya ɗauki saƙon da wasa.

Abu na farko shi ne malami ya dubi abin da saƙon ya ƙunsa. Idan maraba ce ga sababbin ɗalibai, ko yabo ga wanda ya gyara aikinsa, alama ɗaya a ƙarshen jimla ta wadatar. Idan kuwa batun maki ne, ko ranar rufe karɓar aiki, ko gargaɗi kan satar amsa, a bar emoji ɗungurungum. A ƙaddara ɗaliba ce ta buɗe wayarta da daddare, ta tarar da "Kin sami 38 cikin 100" da fuskar murmushi a gefe. Malamin lallashi yake nufi, ita kuwa ba'a za ta gani.

Sai kuma malami ya tabbatar ya san yadda matasa ke fahimtar alamar, domin ƙoƙon kan da dattijo zai danganta da mutuwa, a wurin yawancinsu dariya ce mai tsanani. A ganina, babban yatsa da aka ɗaga sama ya fi kowace alama jawo rikici. A 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan na Kanada ta ɗauki wannan alamar, da wani manomi ya aika, a matsayin amincewa da yarjejeniyar ciniki. Saboda haka, idan ɗalibi ya roƙi ƙarin kwana uku don ya kammala aikinsa, malamin da ya amsa da yatsa kawai ya riga ya ba shi, ko da "na ga saƙonka" yake nufi. Ya rubuta amsarsa da kalmomi, ya faɗi ranar da yake jiran aikin, sannan in ya ga dama ya ƙara alamar.