Shawara ga masu zuwa sayayya Babbar Kasuwar Yamai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya yi niyyar sayayya a Babbar Kasuwa, ina ba shi shawara ya sauka daga taksi a shataletalen Maourey ya ƙarasa da ƙafa, domin motoci da babura da masu tura amalanke kan cushe hanyoyin da ke kewaye da kasuwar, har mai tafiya ƙasa ya riga mai mota isa. Gara a yi sammako, musamman a watannin Afirilu da Mayu da zafi kan haura digiri 40.

Abin da ya fi damuna shi ne baƙi da lissafin kuɗinmu ke rikitawa. A nan da dala ake ƙirge, kuma dala ɗaya faran 5 ce, saboda haka idan mai atamfa ya ce maka "ɗari biyu", jaka guda yake nufi, wato faran 1000. Na ga wata baiwar Allah ta miƙa tsabar faran 200 tana jiran a naɗe mata kaya, kunya ta rufe ta. Ku tambayi farashi da faran kafin ku fara ciniki, ku kuma tanadi canji a aljihun gaba.