Yadda ake kwana cikin shiri idan hadari ya haɗo da dare

Ruwan rana kowa na ganin tahowarsa, a kwashe shanya, a kora awaki. Na dare kuwa a kan shimfiɗa yake samun mutane. A daren 28 ga Mayun 2025 aka kwana ana tafka ruwa a Mokwa ta jihar Neja, kafin gari ya waye ambaliya ta ci rayuka fiye da 150.

Fara shiri tun la'asar. Dubi gabas, don ta nan hadarinmu ya fi tasowa. In an wuni ana gumi, iska ta ɗauke cak, ga gajimare ya yi tsiri, to ka nemi hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, a rediyo ko a waya.

Kafin magariba a yashe kwata, a zare ledojin da suka toshe ta, a duba indararo. Sai abin da ya fi damuna: katangar ƙasa. Je ka dafa gindinta. In ka ji danshi, ko ƙasa na marmashewa a hannunka, ko ka ga tsaga ta bi ta, ka janye shimfiɗar yara daga jikinta yau, ba gobe ba. Katangar da ta sha ruwa kwana uku ba ta sallama kafin ta faɗi.

Waya ta kwana da caji, tocila a gefen filo, babba ɗaya ya yi barci sama-sama. Masu kwana a tsakar gida saboda zafi su shige ɗaki da zarar iskar hadari ta kaɗo.

In an fara walƙiya, ƙirga daga haskenta zuwa ƙarar tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita ɗaya ce. In ƙirgen bai kai daƙiƙa 30 ba, tsawar na iya riskarku. A zare talabijin da caja daga soket, kuma don Allah kada a tura yarinya tarar ruwa da bokiti. Sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba a fita.

Ruwa ya fara shigowa ɗaki? Bar kaya, ɗauki yara da tsofaffi, buga wa maƙwabta ƙofa, ku nufi tudu, ka kira 112, lambar neman agajin gaggawa. Haska gabanka saboda wayar wuta da iska ta tsinke, kuma kada ka ratsa ruwa mai gudu, don mai zurfin santimita 15 kawai na iya kwashe ƙafar babban mutum.