Yadda na raba bayan rigata da laka

Fitata ta farko da sabon keken hawa dutse, a damina, laka ta zana min layi daga ƙugu har ƙeya. Na yi garaje na sayo madigadin ƙarfe irin na keken Phoenix. Asarar kuɗi! Tayata inci 29 ce, ga faɗi, sai gugar ƙarfen take, kuma ƙafar gaba mai sifirin ba ta da ramin noti.

Mai gyara ya ce, "Maigida, na roba za ka nema." Gajere na ɗaure a gaba da igiyar roba mai zargewa, na baya na maƙala a sandar sirdi, na bar tazarar yatsa biyu tsakanin madigadin da taya don kada laka ta cushe.