Yadda za ka ranci kuɗin gyaran mota a hannun mutane ba tare da ka je banki ba

Duk mai motar haya a Damagaram ya san wannan tashin hankalin, inji ya buga, mota tana zaune a garaji, iyali na jiran cefane, kuma banki ba zai saurare ka ba sai ka kawo takardar fili ko ta albashi. To akwai hanyar da mutane ke ranta wa junansu kai tsaye, kuma ba mu kaɗai ke yin ta ba. A Ingila kamfanin Zopa ya fara haɗa masu kuɗi da masu neman rance ta intanet a 2005, a Amurka Prosper ya biyo baya a 2006. Amma kar wani ya ruɗe ka, shafukan Amurka na mazauna Amurka ne, shi kuwa Zopa ya daina wannan harka tun 2021. Namu na nan shi ne 'yan uwa, abokan tasha, 'yan adashe da 'yan kasuwar da suka san ka.

Akwai abin da nake so mu koya wurin masu ƙananan jiragen sama, shi ne rubutu. Ƙaramin jirgi kamar Cessna 172 yana da littafin da ake rubuta kowace awa da ya yi a sama da kowane gyara da aka yi masa, idan na haya ne ana duba shi duk bayan awa 100, injinsa kuma kamfanin da ya ƙera ya faɗi cewa wajen awa 2000 a sauke shi a yi masa babban gyara. Shi ya sa mai jirgi in ya je neman rance ba labari yake kaiwa ba, littafi yake buɗewa. Mu kuwa sai mutum ya zo yana rantsuwa wallahi motar tana kawo kuɗi, alhali ko shi bai san nawa ta kawo watan jiya ba.

Don haka kafin ka buɗe baki wurin kowa, sa bakanike ya kwance injin ya gani da idonsa, ya rubuta maka a takarda: piston ne, zobba ne, ko kan inji ne ya tsage, nawa kayan, nawa kuɗin hannunsa. Ka kai takardar wurin bakanike na biyu ya duba. In kayan daga Kano za a kawo, kamar kasuwar Ƙofar Ruwa, ka lissafa canjin Naira da saifa na ranar da kuɗin kawowa, ka ɗora wani abu a sama don in aka buɗe inji da wuya a tarar da cuta ɗaya tak.

Sai lissafin biya, nan ne mutane ke faɗuwa. Misali gyaran jika 600 ne, motar tana jigilar Mirriya ko Magariya, bayan mai da kuɗin tasha da na yaron mota da cefanen gida kana iya cire jika 3 kullum ba ka ji a jiki ba, kwana 26 a wata jika 78 kenan, kusan wata 8 ka gama. To ka ce wa mai kuɗi wata 10, kar ka ce wata 4 don ya yi saurin yarda, ranar da taya ta fashe ko damina ta yanke hanya kai ne za ka koma kana zagaye layinsu don kar ku haɗu. Ranar Alhamis ta kasuwar Dole ana samu fiye da kullum, kar ka gina lissafinka a kan Alhamis, gina shi a kan ranar da ba fasinja.

Kuma kar ka ɗora wa mutum ɗaya nauyin duka. Su kansu shafukan intanet ɗin haka suke yi, rance ɗaya mutane da yawa ke haɗa shi. Mutum 3 kowa jika 200 ya fi sauƙin samu, in uwar adashe ta yarda ta matso maka da kwasarka gaba to ka rage ɗaya.

Maganar riba kuma ba ta wasa ba ce. Ka ranci jika 200 ka mayar da 230 saboda lokaci, wannan riba ce, haramun ce. In Alhaji yana son ya samu wani abu, akwai hanyar halas: ya sayi kayan gyaran da kansa su zama nasa, sannan ya sayar maka bashi da farashin da kuka yanke tun farko, ba ya ƙaruwa ko ka makara. Ko kuma ya shiga tarayya a motar, a raba abin da ta kawo, in an yi asara a ɗauka tare. Ka tambayi malamin unguwarku kafin ku ƙulla. Ko a dokar ƙasashenmu masu saifa akwai iyaka, ƙananan asusun ba da rance ba su da izinin wuce kashi 24 cikin 100 a shekara, don haka mai ce maka kashi 10 duk wata ya ninka iyakar doka har sau 5.

Sannan a rubuta. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma sai ka ji ana cewa haba Yaya tsakaninmu har sai an yi takarda? E sai an yi, don mutuwa ba ta sallama kuma magada ba su san abin da kuka faɗa a zaure ba. A sa suna, adadin kuɗi, ranar biya ta kowane wata, abin da za a yi in an makara, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa. In kuɗin da yawa ku je ma'aikatar magajin gari a buga hatimi.

Wajen biya na fi son ta Nita ko Amana ko Airtel Money saboda rasit, ka ɗauki hotonsa ka tura wa mai kuɗin da shaidun a WhatsApp. Ka kiyayi waɗanda ke tallar rance a Facebook suna cewa ka fara turo kuɗin buɗe fayil, mai son ranta maka ba ya fara karɓar naka, haka ma manhajar da ke neman shiga lambobin wayarka, ranar da ka makara surukanka za ta fara kira.

In ka ga watan nan ba za ka iya cikawa ba, ka je da ƙafarka tun kafin ranar ta zo, ka kai abin da ya samu ko rabi ne, ka faɗi ranar da za ka ciko, a rubuta sabuwar ranar a bayan takardar nan a gaban shaidun.