Babi na Bakwai: Sitiyari Mai Wasa a Tsohuwar Motar Zango

Darasi na 1: Mu fara sanin motar

Sannunku da ƙoƙari. Wanda ya kawo wannan babi ya yi nisa, kada ya karaya.

Motar zango ƙaramar bas ce da aka sa wa gado da kabad da ɗan murhu a ciki, don matafiyi ya kwana duk inda dare ya riske shi. Wadda aka fi sani ita ce ta kamfanin Volkswagen na Jamus, wadda ake kira Kombi. An fara ƙera ta a 1950. Samfuri na biyu ya fito a 1967, aka daina yin sa a Jamus a 1979, amma a Brazil sai a 2013 aka tsaya. Kamfanin Westfalia ne ya yi suna wajen mayar da ita ɗakin kwana.

Injinta a baya yake. Kai direba kana zaune ne a saman tayoyin gaba. Kuma sitiyarinta ba shi da na'urar da ke sauƙaƙa juyi, ƙarfin hannunka ne ke bi ta wani akwatin ƙarfe, ya bi ta sanduna, ya isa ga taya. Kowace mahaɗa a wannan hanya tana cinyewa da shekaru. Shi ya sa za ka juya sitiyari kaɗan, motar ta yi kamar ba da ita kake ba. Wannan shi ake kira wasa. Ɗan wasa kaɗan halinta ne tun tana sabuwa. Wasa mai yawa ciwo ne. Aikinmu yau shi ne mu rarrabe su.

Darasi na 2: Yadda ake auna wasan

Ka nemi alli da wuri mai shimfiɗa. Mai shimfiɗa na nufin ba gangara, ba tudu.

Ka tsayar da motar, tayoyin gaba suna kallon gaba sak. Ka ja birkin hannu, ka kashe inji. Kada ka ɗaga ta da jak, tayoyin su kasance a ƙasa da nauyin motar a kansu. Ka sauka ka tsaya a waje ta gefen direba, ka sauke gilashi, ka zura hannu ka kama sitiyari da yatsu biyu. Idonka yana kan tayar gaba.

Yanzu ka juya sitiyarin a hankali zuwa dama. Da zarar tayar ta fara motsi, ka tsaya. Ka sa alamar alli a bakin sitiyarin, daidai da wani abu da ba ya motsi, misali wata kusurwa a gaban motar. Sai ka juya a hankali zuwa hagu. Da zarar tayar ta fara motsi, ka tsaya. Ka sake sa alama daidai da wannan kusurwar. Tazarar da ke tsakanin alamun biyu ita ce wasan. In ta wuce faɗin yatsu biyu, motar tana bukatar makanike.

A nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, saboda haka mu maimaita. Idonka a kan taya, ba a kan sitiyari ba. Ka tsaya lokacin da tayar ta fara motsi. Ban ce lokacin da ta juya ba. Ban ce lokacin da hannunka ya ji nauyi ba. Ka dubi gefen robar inda ta taɓa ƙasa: za ka ga ta ɗan murɗa, kamar wanda ke barci ya motsa kafaɗa. To nan ne wurin tsayawa.

Kada ka ji kunya in ka wuce wurin a karon farko. Ka goge allin da babban yatsa, ka miƙe tayoyin, ka sake. Na ga dattijon da ya yi shekaru yana tuƙi ya sake sau biyar kafin ya kama, kuma da ya kama bai ƙara kuskure ba.

Me ya sa nake ta nanata a miƙe tayoyin? Domin an ƙera akwatin sitiyarin ne ya fi matsewa a tsakiya, inda mota take tafiya sak. In ka karkatar da tayoyin, wasan zai ƙaru ko da akwatin lafiyarsa ƙalau. Sai ka auna, ka tsorata a banza.

To mu sake daga farko, ku faɗa tare da ni. Tayoyi a miƙe. Tayoyi a ƙasa. Ido a kan taya. Taya ta motsa, hannu ya tsaya. Alama. Ɗaya gefen. Taya ta motsa, hannu ya tsaya. Alama.

Har yanzu akwai masu zama a kujerar direba suna girgiza sitiyari da hannu biyu suna cewa sun auna. Jama'a, daga kujera ba a ganin taya, a ƙarƙashinka take! Sau nawa zan faɗa? Wanda ke ƙyashin saukowa ƙasa na minti biyu, ya rufe littafin nan ya huta. Ka sauka. Ka kalli taya. Ta motsa, ka tsaya.

Darasi na 3: Ina wasan yake?

Wannan aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana kaɗa sitiyari dama da hagu kaɗan-kaɗan, ɗaya yana kwance a gaban motar da tocila. Birkin hannu a ja, inji a kashe, a sa dutse a bayan taya.

Mai tocila ya bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, daga akwatin zuwa taya. Abin da yake nema shi ne inda ƙarfe ɗaya ya motsa amma na kusa da shi bai bi shi nan take ba. Ya dubi kawunan tayarod, wato sandunan da ke tura tayoyi. Ya dubi fil ɗin da ke tsakiyar gaban motar, wanda wani hannun ƙarfe ke lilo a kansa, don yana yawan cinyewa a waɗannan motoci. Akwai kuma wata ƙaramar shokazoba a kwance, aikinta shanye girgizar sitiyari. In ka gan ta jiƙe da mai, ta mutu.

A jikin akwatin akwai wani ƙusa mai noti da ake rage wasa da shi. Na san za ku gan shi, kuma na san hannunku zai yi ƙaiƙayi. Ku bar shi. Wani ɗalibina ya ɗaure nasa tam, da tayoyi a karkace, ya zo yana murna wasa ya tafi. Da ya sha kwana, sitiyarin ya ƙi komowa da kansa. Allah ya kiyaye, a fili ne babu kowa. Ashe ma ba akwatin ne ke da laifi ba, tayarod ce ta ci. Ku nuna wa makanike abin da kuka gani, shi ya taɓa.

Darasi na 4: Taya da kaya

Iskar tayoyin baya ta fi ta gaba yawa, domin nauyin inji a can yake. Ka duba adadin a littafin motar, ka auna da geji kafin ka fara tafiya, taya tana da sanyi. Ka sa taya mai ƙarfin gefe irin ta motocin kaya. Tayar ƙaramar mota tana lanƙwashewa, bayan motar ya riƙa rawa.

Kaya masu nauyi, kamar jarkar ruwa, a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Ba a kan rufi ba.

Darasi na 5: A kan hanya

Gefen motar kamar bango yake, iska tana ture ta. In tirela za ta wuce ka, ka sassauta totur, ka riƙe sitiyari da hannu biyu ba tare da ƙanƙamewa ba. Gyara kaɗan, ka jira ta amsa. Kada ka fizga.

Ka rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Tunda a kan taya kake zaune, ka ɗan wuce gaba kafin ka juya.

Darasi na 6: Giris

Akwai kawunan giris a gaban motar. A sa musu giris a kan kari. Bayan an sa, ka ɗauko allinka ka koma Darasi na 2.