Yadda nake gwada kuɗi kafin in zuba jarina a ciki

Shekara talatin da ɗoriya ina canjin sefa da naira a nan Maraɗi. Teburina bai wuce kamu biyu ba, amma kuɗin da na ga sun mutu a kansa sun isa a yi musu maƙabarta. Shi ya sa ranar da ɗan ƙanwata ya zo da salula a hannu yana cewa, "Kawu, kuɗin takarda sun gama yayi, kirifto, kuɗin nan na intanet, ita ce mafita," maƙwabcina maƙerin zinare kuma ya ɗago daga kan wutarsa ya ce ƙarya ne, duniya ba za ta gyaru ba sai an koma wa zinare, ban shiga musun ba. Na ce su jawo benci in nuna musu yadda nake yi.

Ka fara da tambayar wa ke iya ƙara yawansu. Kalmar kuɗi ɗin nan jam'in wuri ce. Kakanninmu da wuri suka yi ciniki, ana kawo shi daga tsibiran Maldibs, kuma ya yi daraja don wuyar zuwansa. A ƙarni na 19 Turawa ƴan kasuwa suka dinga ciko jiragen ruwa da wurin gaɓar Zanzibar, har ya kai jaki ya ɗauko kayan da ba su taka kara sun karya ba. A nan zinare ya ci jarrabawa, wanda ya ga wahalar masu rijiyoyin Jado ko na Ɗan Issa ya san ba a samunsa da baki. Bitcoin, kirifto ta farko, ita ma ta ci, don tun fitowarta a 2009 aka ƙayyade ba za ta wuce miliyan 21 ba. Sauran dubban da ake talla a WhatsApp, kowane yaro mai kwamfuta yana iya ƙera nasa kafin la'asar. Waɗannan ko kallo ba na yi.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi, ita ce kuma maƙwabcina ba ya so. In an ce maka takarda tana da zinare a bayanta, ka tambaya: in na kai ta, ƙofar wa zan buga, kuma zai buɗe? A 1944 aka ɗaure dalar Amurka da zinare, dala 35 kowane oza, wato giram 31 da ɗan abin da ya hau. Ko a lokacin gwamnatoci ne kawai ke da ikon kai dala su karɓo zinare, ba ni ba, ba kai ba. Da ƙasashe suka yawaita zuwa karɓa, ranar 15 ga Agusta 1971 shugaban Amurka Nixon ya ja ƙofa ya rufe, shi ke nan. Zimbabuwe ta fito da kuɗi mai suna ZiG a Afrilun 2024, aka ce zinare ke goye da shi, kafin ƙarshen Satumba aka zaftare masa fiye da kashi 40 cikin ɗari.

Mu ma mun ɗanɗana, ko da yake namu ba da zinare aka ɗaure ba. Har Janairun 1994, sefa 50 ke sayen faran ɗaya na Faransa. Aka yi taro a Dakar, muka kwana muka tashi ya koma 100. Ina da jikka ɗari huɗu a cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, na ƙirga su da safe, ko dala ba ta ɓace ba, amma rabin ƙarfinsu ya tafi. Yau yuro ɗaya sefa 655,957 ne, haka yake tun 1999, kuma wannan tsayuwar ce ta sa mutanen Jibiya da Katsina suka dinga neman sefa bayan an saki naira kasuwa ta yanke mata farashi a Yunin 2023. Amma alkawari ne na mutane, na kuma ga ranar da aka sake shi. USDT da samari ke kira dalar waya ita ma alkawarin kamfani ce, cewa kowace ɗaya akwai dala a ajiye. Wata mai suna TerraUSD ta yi iƙirarin tsayawa daidai da dala, a Mayun 2022 ta narke cikin ƴan kwanaki.

Daga nan sai ka sayi littafin ƴan lakkal. Duk Juma'a ka rubuta farashin tiyar gero da sefa, da naira, sannan ka duba tiya nawa giram ɗin zinare zai saya, tiya nawa abin da ke cikin wayarka zai saya. Ka yi wata uku kana rubutawa, ba ka sayi komai ba. Abin da kake nema shi ne ko za ka yarda ka ba da bashi da wannan kuɗin daga shuka zuwa kaka. Bitcoin ta kusa dala 69.000 a Nuwamban 2021, shekara na zagayowa tana wajen 16.000, daga baya ta sake hawa ta wuce inda take. Wanda ya ranta ko wanda ya rantar, dole ɗaya ya yi kuka. Ƙasar Salbado ta mai da ita kuɗin ƙasa a 2021, Afirka ta Tsakiya ta bi a 2022 ta janye bayan shekara guda, mutanen kasuwa dai ba su bar kuɗin da suka saba ba.

Zinare ba ya irin wannan tsallen, amma yana da nasa ciwon in ƙasa ta ɗaure kuɗinta da shi. Ku tuna kaka a nan, hatsi ya cika kasuwa, kuɗi sun yi ƙaranci a hannu, manomin da ya ci bashin buhu biyu sai ya sayar da uku ya biya. To ƙasar da ba ta buga kuɗi sai ta haƙo zinare, kullum a cikin irin wannan kakar take: kaya na ƙaruwa, kuɗi ba sa ƙaruwa, mai bashi na nutsewa. Ingila da kanta ta kwance wannan igiyar a 1931 da tattalin arziki ya shaƙe.

Gwaji na ƙarshe da hannu ake yin sa: ka shiga da kaɗan, ka gwada fita. In zinare ne, ka sayi ƙaramin zobe, a goga shi a dutsen gwaji gabanka, a ɗiga ruwan gwaji, a ɗora a ma'auni kana kallo. Mai lamba 18 kashi 75 ne zinare, mai 21 kashi 87 da rabi. Washegari ka kai shi wani shagon ka ce za ka sayar. Bambancin da ka gani, har da kuɗin ƙira da ba ya dawowa, shi ne ainihin tsadar ajiyarka. In kirifto ce, ka sa jikka biyar, ka tura wa wanda ka yarda da shi, ya dawo maka da ita, ka mai da ita sefa a tafin hannu, ka ƙirga abin da ya rage. Kalmomin sirri goma sha biyu da ake ba ka, waɗanda su ne mabuɗin asusunka na kirifto, a takarda za ka rubuta su, kada ka ɗauki hotonsu, kada ka karanta wa kowa ko da ya ce daga kamfani yake. In ba a ba ka su ba, kuɗinka na aljihun wani, kamar na mutanen da kasuwar kirifto ta FTX ta rufta da su a Nuwamban 2022. Duk kuma wanda ya yi maka alkawarin riba kaza kowane wata, ka gaishe shi ka wuce.

Zan yi wa yaron adalci. Farkon 2023 da takardun naira suka ɓace saboda canjin kuɗi, da kuma bayan Yuli da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya, na ga waya ta isar da kuɗi Kano a lokacin da mota ba ta isa ta wuce Ɗan Issa ba. Sai dai a watannin ne Najeriya ta yanke mana wuta, salula ta mutu, mai kuɗi a ciki ya koma yawon neman caji. A wurina kirifto jaki ce, a ɗora kaya a sauke nan take, ba rumbu ba ce. Rumbuna zinare ne, ciniki kuma da sefa. Mai ajiye zinare ya tuna nisabin zakka giram 85 ne, canji kuma hannu da hannu ake yi. Kan kirifto malamai sun saɓa, kowa ya tambayi nasa.

Yaron ya ce zai yi gwajin jikka biyar ɗin. Maƙerin kuma, don ya kunyata shi, ya ce in aika gida a kawo ɗan kunnen uwargida da na saya a matsayin mai 21 shekarun baya. Ya goga, ya ɗiga ruwa, ya yi shiru, ya sake gogawa. Mai 18 ne. Har yau ban faɗa mata ba.